Likita Mila na Zariya da Yaran Gimi

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, wadda iyayenmu da kakanninmu suka yi sujada da ita, ya riƙe aikin hannun Dokta Walter Miller. Yawancinmu da fassara da makaranta muka san shi. Amma sunan da mutanen Zariya suka laƙaba masa na sana'arsa ta fari ne, wato Likita Mila. A wannan darasi za mu bi rayuwarsa ta wannan gefe: abin da ya iya yi wa marasa lafiya, inda cuta ta fi ƙarfinsa, da yadda Allah ya fitar da likitoci daga cikin yaran da suka tsira. Labari ne da ya shafi kowane gida mai ƙaramin yaro.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Mila a shekara ta 1872 a garin Honiton, a kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasar. Da ya gama, sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Angilikan, wadda muka sani da CMS, domin a aike shi ƙasar Hausa.

Yana da kyau mu san abin da ke cikin akwatin likita a wancan zamani. Akwai kwinin domin zazzaɓi. Akwai wuƙar fiɗa, da magungunan wanke gyambo, da na rage zafin ciwo. Akwai lambar rigakafin agana, amma zafin ƙasarmu yakan kashe ƙarfinta tun kafin ta kai ga hannun yaro. A shekara ta 1897 ne ma Ronald Ross ya gano a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi. Ba penisilin, ba allurar ƙyanda, ba ta tarin shiƙa, ba ta shan inna. Yaron da sanƙarau ya kama, ko ciwon haƙarƙari, sai jinya da addu'a. Da wannan ɗan guzuri saurayin likita ya nufo Afirka.

Tarabulus da yaron Katsina

Kafin ya taka ƙasar Hausa, mishan ta tura shi Tarabulus, a bakin teku a ƙasar Libiya ta yau, domin ya koyi harshen. Dalili kuwa, Tarabulus ce ƙarshen hanyar ayari. Fatake sukan tashi daga Kano, su bi ta Daura da Damagaram, su ratsa Agadas da hamada har su kai can. Wannan titi da ya bi ta Kongwalam ya ƙetare zuwa Nijar, magajin waccan tsohuwar hanya ne. Don haka akwai Hausawa da yawa a Tarabulus, fatake da alhazai da bayin da suka sami 'yanci.

A can ya haɗu da wani yaro ɗan Katsina mai suna Abdulmajidu. Yaron ya fito aikin hajji tare da mahaifinsa, mahaifin ya rasu a hanya, ya bar shi baƙo a ƙasar da ba ta ubansa ba. Mila ya karɓe shi. Yaron ya ci gaba da tafiyarsa zuwa Makka, daga baya ya sake neman Mila, ya zama kamar ɗa a gare shi, kuma babban mataimakinsa wajen sanin Hausa. Tun daga nan za mu ga halin da ya bi Mila har tsufansa: in ya ga yaron da ba shi da kowa, yakan buɗe masa ƙofar gidansa.

Tafiyar Kano da kabarin Girku

A farkon shekara ta 1900 Turawa biyar suka tashi daga Ikko suka nufi Kano a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Tare da shi akwai Rabaran Richardson, da Rabaran Dudley Ryder, da Burgin, da Mila a matsayin likitan tafiya. A lokacin Turawan mulki ba su ci Kano ba tukuna. Sarkin Kano Alu bai yarda da zamansu ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juya kudu, suka sauka a wani ƙauye da ake kira Girku, a ƙasar Zazzau.

A Girku ne atuni ya kama Ryder, ya rasu, ga likita kusa da shi. Richardson ma ciwo ya kayar da shi, aka mai da shi gida. Daga baya gidan da suke zaune ya ƙone. Cutar da ta kashe Ryder daga ruwa da abinci marasa tsabta take zuwa, kuma ita da 'yar'uwarta gudawa har yau suna cikin manyan masu ɗauke mana yara. Abin da Mila ya rasa a ranar, yanzu ana sayar da shi a kowane kemis a ƙaramar leda. Za mu dawo kan wannan.

Wani da ya ga haka, da ya tattara kayansa ya koma ƙasarsu ke nan. Mila ya je gida ya huta, ya sake dawowa.

Zama a birnin Zariya

A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin ba da magani, ya buɗe makarantar yara maza a gidansa. 'Yar'uwarsa Ethel ta zo ta kama aiki tsakanin mata da 'yan mata. Masu gyambo da masu ciwon ido da masu zazzaɓi suna zuwa, Musulmi ne kusan dukansu, ba a tambayar kowa addininsa kafin a wanke masa ciwo. Ta wannan ƙofa ce mutanen birni suka san shi, suka kuma ba shi sunan da ya bi shi.

Ba za mu ɓoye ba, Mila mutum ne mai zafin kai da kaifin harshe. Ya yi ta saɓani da Turawan mulki, waɗanda ba su so a yi wa'azin bishara a ƙasashen sarakuna. Ya yi saɓani da fada, ya yi da wasu abokan aikinsa na mishan. Waɗanda suka ba da gaskiya ta wurinsa a shekarun farko kaɗan ne ƙwarai. Allah bai jira ya sami ma'aikaci marar aibi ba kafin ya yi aiki da shi, kamar yadda bai jira Bitrus ya huce ba.

Gimi

A 1913 wani abu ya faru da ya faranta zuciyar Mila fiye da kome. Wasu mutane suka zo wurinsa daga cikin jama'ar da ake kira Isawa. Asalinsu almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai da gaske. An kashe shi a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa suka watsu zuwa wajen Ningi da gabashin Zazzau, suna riƙe da koyarwarsa shekara da shekaru. Da suka ji labarin Baturen Zariya mai maganar Isa da Hausa, sai suka zo su ji da kunnensu.

Da yawa daga cikinsu suka karɓi bishara. Aka samar musu wuri a Gimi, suka kafa ƙauyen masu bi, da gonaki da majami'a da makaranta. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, Rabaran W. A. Thompson, ya zauna tare da su yana kiwon garken. Mutanen ƙauyen suka haura ɗari. Ga Hausawa masu karatu, da matansu da 'ya'yansu, suna sujada da harshensu. Abin da Mila ya yi shekara goma sha uku yana roƙo, ga shi ya gani da idonsa.

Sai ciwon barci ya shigo.

Ƙudan tsando ne ke kawo wannan cuta. Irin da ke cizon mutane yana zama a inuwar kurmin bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa da wanki, inda yara ke wanka da wasa. In ya ciji mai cutar ya koma kan mai lafiya, sai ya zuba masa ƙwayar a jini. Da fari zazzaɓi ne mai zuwa yana tafiya, da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya. Iyaye sukan ɗauka zazzaɓi ne irin na kullum. Bayan watanni, wani lokaci har shekara ɗaya ko biyu, ƙwayar takan shiga ƙwaƙwalwa. Halin mutum ya sauya, ya yi ta gyangyaɗi da rana, da dare barci ya ƙi zuwa, ya rame, daga ƙarshe ya yi barcin da ba a tashi. Yaro mai kaifin kai a makaranta sai a ga ya zama shiru-shiru, har a yi masa faɗan ragwanci alhali ciwo ne ke cin sa.

Likitoci sun riga sun san sanadin cutar, domin tun 1903 aka tabbatar a Yuganda cewa tsando ne ke yaɗa ta. Amma sani daban, magani daban. Abin da ake da shi a lokacin wani magani ne mai guba da ake kira atoksil, wanda yakan makantar da wasu, kuma ba ya yin kirki in cutar ta kai ƙwaƙwalwa. Cikin 'yan shekaru ciwon ya cinye mafi yawan mutanen Gimi. Dole aka tashi ƙauyen. Waɗanda suka rage suka watsu, yara da marayu da dama aka kai su Zariya, gidan Mila da makarantarsa.

Mu ɗan tsaya a nan. Mutanen Gimi sun bar danginsu saboda sunan Yesu. Sun yi addu'a, an yi musu addu'a, kuma ba wanda zai ce bangaskiyarsu ce ta kasa. Duk da haka sun mutu, domin ƙauyensu yana kusa da ruwan da tsando ke zama. Ubangijinmu da kansa ya ƙi yarda a ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa, kamar yadda muke gani a Yohanna sura 9. Saboda haka in yaro ya kwanta a gidan mai bi, kada mu fara da neman wanda ya yi laifi ko wanda ya yi jifa. Mu fara da tambayar wace cuta ce, daga ina ta zo, wa kuma zai iya gane ta.

Yadda aka ci ƙarfin ciwon barci

Maganin da Gimi ta rasa ya iso bayan 'yan shekaru kaɗan. A 1920 wata likita 'yar Amurka, Louise Pearce, ta gwada wani sabon magani a Kwango wanda yake kaiwa har ƙwaƙwalwa, a daidai lokacin kuma Jamusawa suka fito da wani na matakin farko na cutar. A shekarun 1930 gwamnati ta kafa ma'aikatan ciwon barci masu yawo ƙauye-ƙauye a Arewa. Sukan tara gari duka, babba da yaro, su shafa wuyan kowa. Wanda aka ji masa kaluluwa, a tsotso ɗan ruwanta da allura a duba a madubin likita. In an ga ƙwayar tana motsi, a fara masa allurai tun yana tafiya da ƙafarsa.

Bayan haka aka juya kan ƙudan da kansa. A yankin Anchau, daga wajen 1937, aka sare kurmin bakin rafuffuka, aka haƙa rijiyoyi na siminti domin mata da yara su daina zuwa rafi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Abubuwa uku ke nan suka haɗu: gane cuta da wuri, ba da maganin da ya dace, da toshe hanyar da take bi. Da su aka durƙusar da ciwon da ya tashi Gimi, har yanzu yaranmu da yawa ba su ma taɓa jin sunansa ba.

Wusasa da ƙarshen kwanakinsa

Gwamnatin Turawa ta daɗe tana son mishan ta fita daga cikin ganuwar Zariya. A 1929 aka koma Wusasa, bayan gari, ba da son Mila ba. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, makaranta ta ci gaba da wannan suna, aka kuma kafa asibitin St. Luke, mai sunan Luka, likitan nan abokin tafiyar Bulus. Ɗan ɗakin maganin Durumin Maigarke ya girma ya zama asibitin da mata ke haihuwa, ake kwantar da yara, ake kuma koyar da masu jinya.

Mila kuwa ya ba da sauran ƙarfinsa ga fassara. Tare da malamai Hausawa da ma'aikatan wasu mishan, ciki har da Dokta Andrew Stirrett na SIM, aka kammala Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aka buga shi a 1932. Ya ajiye aikin CMS a 1935, ya koma Ingila, amma zuciyarsa ba ta zauna ba. Ya dawo Nijeriya, ya zauna a Bukuru kusa da Jos, yana koyarwa yana rubuce-rubuce. A can ya rasu a 1952, yana da shekara 80. Bai yi aure ba. Iyalinsa su ne yaran da ya rena.

'Ya'yan makaranta da suka zama likitoci

In aka auna Mila da yawan waɗanda ya warkar da hannunsa, akwai likitocin mishan da suka fi shi nesa ba kusa ba. Gadonsa a wani wuri yake.

Daga makarantarsa Barau Dikko ya fito, wanda aka haifa a 1912. Ya yi karatu a Ikko, ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo ya zama likita na farko ɗan Arewa. Ya yi aiki a asibitocin gwamnati, ya riƙe sashen yaƙi da cututtukan da suka zaunu a ƙasa, ya kai matsayin babban sakatare a ma'aikatar lafiya ta Jihar Arewa. Ya rasu a 1977. Babban asibitin koyarwa na jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi.

Sai Ishaya Audu, ɗan Malam Bulus Audu, daga zuriyar Isawan nan. An haife shi a 1927 a Anchau, ƙasar da aka yi yaƙin tsando. Ya yi makarantar Wusasa, ya karanci aikin likita a Ibadan da Landan, ya ƙware a fannin lafiyar yara, ya koyar da shi a Ikko. A 1966 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe ta har 1975, kuma a zamaninsa jami'ar ta fara koyar da likitocinta. Bayan ya yi ministan harkokin waje, ya koma Samaru yana duba marasa lafiya a asibitinsa, yana kuma hidimar bishara, har rasuwarsa a 2005.

Jama'ar da cuta ta kusa shafewa ita ta haifi likitan yara, shi kuma ya buɗe hanya ga ɗaruruwan likitocin da suke duba 'ya'yan Musulmi da na Kirista a duk faɗin Arewa. Mila bai ga ƙarshen wannan ba. Nasa shi ne ya ba maraya tuwo da allo da wurin kwana.

Abin da ya rage gare mu

Mu da ke zaune a ƙasar Daura da kewayenta tsando ba ya damunmu. Namu abokan gāba su ne zazzaɓin cizon sauro da damina, ƙyanda da sanƙarau da bazara, gudawa, ciwon haƙarƙari, tarin shiƙa, da mashaƙo, wanda ya sake tasowa a Kano a ƙarshen 2022, ya bazu zuwa Katsina, aka kuma same shi a Matamaye da ke ƙetaren iyaka. Cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan na Kongwalam. Tana bin 'yan kasuwar Mai'aduwa da 'yan biki da masu ziyarar dangi, ta shiga ta fita. Bambancinmu da mutanen Gimi shi ne, kusan kowace daga cikin waɗannan cututtuka yanzu tana da gwaji, tana da magani, tana da rigakafi. In yaro ya mutu da su a yau, sau da yawa jinkiri ne ya kashe shi.

Na farko, mu koyi gane ciwo da wuri. Littafin Firistoci sura 13 ya nuna yadda Allah ya sa firistoci su duba fatar mai ciwo da kyau, su keɓe shi kwana bakwai, su sake dubawa kafin su yanke magana. Duba kafin hukunci tsari ne na Allah. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, gwajin ɗigon jini daga yatsa yana nunawa cikin kamar minti 20. Yaro mai tari a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: in ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon haƙarƙari ce. Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da kome, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wuyansa ya sanƙare, maɗigar jariri ta kumbura ko ta faɗa, ko maƙogwaro ya yi farin yaɓi wuya ya kumbura. Ko tsakar dare ne, a nemi abin hawa.

Na biyu, mu ba da magani yadda ya kamata. Sa'ad da Sarki Hezekiya ya yi ciwo, ya yi kuka ga Ubangiji, annabi Ishaya kuma ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani tare suka tafi. Ga mai gudawa, a zuba ledar gishiri da sukari guda cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kada a tsai da nono ko abinci. Da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, umarnin da ya bi baya shi ne a ba ta abinci. Maganin zazzaɓi na kwana 3 a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Kada mu sayi kafso barkatai ko mu raba ragowar na wani yaro, domin haka ne ke sa ƙwayoyin cuta su yi taurin kai. Dattawa su zo su yi addu'a kamar yadda Yakubu sura 5 ta koya mana, amma in ya kama a yi ta a kan hanyar asibiti, a yi.

Na uku, rigakafi ya fi magani. Agana, wadda ta ɓata fuskokin kakanninmu ta kuma makantar da wasunsu, lamba ce ta kawar da ita, har aka sanar a 1980 cewa ta ƙare a duniya. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka sanar da kuɓutar Afirka daga asalin ƙwayar shan inna. Wannan ya faru ne domin iyaye mata sun miƙa 'ya'yansu. Allurar yara kyauta ce a asibitocin gwamnati: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15. Allura ɗaya ba ta isa, sai an cika. Ɗan zafin jikin da ke biyo bayanta na kwana ɗaya ko biyu ne. Da damina ma'aikata suna bi gida-gida da maganin kariya daga zazzaɓi ga yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, aikin da aka fara a wasu ƙananan hukumomin jihar Katsina tun 2013. Mu buɗe musu ƙofa. Yara su kwana cikin gidan sauro. Jariri ya sha nono zalla wata 6. A yi masai a gida, a wanke hannu da sabulu ko toka. Tun a jeji Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe wurin bayan gida su kuma rufe shi, kamar yadda yake a Kubawar Shari'a sura 23.

Ikilisiya tana da abin yi a nan wanda asibiti ba zai iya ba. Mu ne muke ganin kowane jariri ranar suna da ranar miƙa shi ga Ubangiji. Zumuntar mata za ta iya tambayar katin rigakafi kamar yadda take tambayar lafiyar mai jego. Malamin makarantar Lahadi ya lura da yaron da ya yi mako biyu bai zo ba. Fasto ya sanar da ranar allura daga bagade. Dattawa su ware ɗan kuɗi domin kai yaro asibiti da dare, kada rashin kuɗin babur ya zama ajalin ɗan wani. Mai ƙyanda ko mashaƙo a bar shi a gida ranar Lahadi, a je a gaishe shi daga baya. Abin da muka sani kuma mu faɗa wa maƙwabtanmu Musulmi, mu ma mu ji nasu, gama rijiya ɗaya muke sha, sauro ɗaya ke cizonmu.

A ƙarshe, mu tuna da yaran da cuta ta bari marayu ko naƙasassu a cikinmu. Mila bai iya ceton Gimi ba, amma bai yar da waɗanda suka rage ba. Wataƙila a cikin marayun ikilisiyarmu akwai wanda zai zama likita ko ungozoma ko ma'aikacin lafiyar ƙauyenmu, in an sami wanda zai biya masa kuɗin makaranta.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me labarin Gimi ya koya mana game da yadda muke fassara ciwo a gidan mai bi?
2. Yara nawa ne a ikilisiyarmu ba su cika allurarsu ba, wa kuma zai ɗauki nauyin bin su?
3. In yaro ya kama jijjiga da tsakar dare a unguwarmu, wa za a tasa, da wane abin hawa, zuwa wane asibiti?
4. Wane maraya ne za mu iya ɗaukar karatunsa a wannan shekara?

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin bawanka Mila da masu bi na Gimi, da dukan likitoci da masu jinya da ka tasar daga cikinmu. Ka ba mu ido mai gane ciwo da wuri, da ƙafa mai saurin neman taimako, da zuciya mai karɓar ɗan da ba shi da kowa. Ka kiyaye yaran ƙasarmu, na wannan gefen iyaka da na wancan. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.